Furar da Yaya Dikko Ya Sha Mini

Kun daɗe kuna yi mini tambaya guda, ni kuma ina kauce muku. Duk ranar da muka je gida ƙauye, in Inna Kulu, matar marigayi Baffanku Dikko, ta kawo mini fura, sai ta durƙusa ta ɗebi ludayi guda ta sha a gabana, ta goge baki da gefen zane, sannan ta turo mini ƙwaryar. Ba ta yi wa kowa haka sai ni. Hadiza ta taɓa cewa girmamawa ce irin ta mutanen da, Aminu ya ce wasan matar wa da ƙanen miji ne. Na bar ku a kan haka domin ya fi mini sauƙi. Na kuma san abin da kuke ji a waje, cewa ni da wana mun ɓata a kan gona, wai na dawo daga Turai da na'ura na aune gadon ubanmu a ɓoye. To, yanzu gwiwoyi sun fara ba ni sanarwa, ina so ku ji daga bakina, ku daina tsintar labarin ubanku a rumfunan kasuwar Shagari.

Ku fara sanin halina tukuna. Ni mutum ne mai zargi, mahaifiyarku ce shaida. In mutum ya gaishe ni da fara'a fiye da jiya, sai in wuni ina neman abin da yake so a wurina. Ba ni na ƙirƙiro halin ba, a gida na tarar da shi. Kakanku ya rasu da wani miki a ƙafa wanda ya ƙi warkewa, ya ci yatsu, ya haura har ƙwauri, kuma duk ƙauyenmu da ke gefen Horo Birni babu wanda ya yi shakkar cewa binne masa abu aka yi a iyakar gona ya taka. Shi ma da wannan imanin ya tafi. Yana kwance yana kiranmu ni da Dikko yana nanata mana cewa kada mu ci abinci a gidan da ba mu yarda da shi ba, kuma in an miƙo mana abin sha mu lura da hannun da ya dama. Ina ɗan shekara goma sha uku a lokacin. Dikko ya ajiye karatu ya ɗauki fartanya don ni in ci gaba, gonar kuma ba a taɓa raba ta ba, yana nomawa yana aiko mini da gero har bayan na yi aure. Na zama safiyo, mai awon filaye, na yi aiki a Sakkwato, na yi gida a Bodinga inda mahaifiyarku ke koyarwa. Daga baya aka tura ni kwas Ingila, wani kamfanin zanen taswira ya riƙe ni, na zauna can ni kaɗai, ku kuna nan.

Garin da na zauna yana arewacin ƙasar, ruwan sama ba ya ɗaukewa, rana kuma sai ta ga dama. Rayuwata ba ta wuce ofis, ɗaki, masallaci ranar Juma'a. Kaɗaici ya sa na mai da ci abokin hira. Shinkafa da dare, burodi da safe, lemon kwalba a madadin ruwa, shayi kuwa sai na zuba cokali huɗu na suga nake jin na sha wani abu. Na yi ƙiba har wuya ya ɓace. In na aiko hoto gida murna ake yi, ana zagayawa da shi gida gida ana cewa Sambo ya murje, Turai ta karɓe shi. Ana nan sai ƙishirwa ta sa ni gaba, ga yawan fitsari, har wata rana a ofis layukan taswira suka haɗe a idona na kasa bambance hanya da kogi. Likitar da ta duba ni, wata 'yar Indiya mai ƙaramin jiki, ta ce ciwon suga ne, kuma ya yi nisa. Abin da na fara rayawa shi ne so suke su ɗora ni a kan magani har mutuwa su samu kasuwa. Na tafi wani wuri daban aka sake gwada ni, aka faɗi abin da ta faɗa. Da na koma mata ta tambaye ni ko akwai mai ciwon a danginmu, na ce babu. Ta tambayi abin da ya kashe mahaifina, na ce ajali. Ta ce ciwon yana bin jini, in ina da 'yan'uwa in gaya musu su je a duba su. Na ji ta da kunnena biyu, na ce to, na fito na bar maganar a bakin ƙofarta.

Abu uku ta ɗora mini, magani da rage ci da motsa jiki, kuma na ƙarshen ne ya fi ba ni kunya. Ta ce in riƙa gudu. Haba, dattijo ɗan hamsin da furfura a gemu ya kama gudu babu abin da ya koro shi? A wajenmu in babban mutum ya ruga, kowa sai ya tashi tsaye ya tambayi abin da ya faru. Na fara a sace, bayan sallar asuba, da wandon shadda da takalmin ofis, in yi ɗan sassarfa daga wannan fitilar titi zuwa waccan in tsaya ina haki kamar tsohon jaki. Wata tsohuwar Baturiya da ke zaune a ƙasan benenmu, ta haura saba'in, ita ta fara kama ni. Ta dubi takalmina ta girgiza kai, ta ce kowace Asabar da safe mutane na taruwa a lambun gari suna gudu tare, kuma kyauta ne. Kalmar kyautar nan ita ta tsaya mini a rai. Na ce ko dai 'yan coci ne masu neman jan mutum a hankali, ko masu wani abin sayarwa. Asabar uku ina zuwa ina laɓewa bayan wata bishiya da hannu a aljihu, ina jiran in ga inda za a fito da faranti ko takardar sa hannu. Ban ga komai ba sai mutane suna gudu, su gama, su tafa wa juna, kowa ya kama gabansa. A ta huɗu na shiga. Tsohuwar nan ta wuce ni tun ba a yi nisa ba, har da ɗaga mini hannu, wani kuma ya wuce ni yana tura jariri a keke. Ni na zo na kusa da ƙarshe, aka tafa mini kamar na ci kofi, ina ta duban fuskokinsu ko dariya suke yi mini.

Amma wallahi, 'ya'yana, na ji daɗin abin nan. Ban taɓa zaton jikin da na ɗauka ya gama aiki zai dawo ya saurare ni ba. Na sayi takalmin gudu da doguwar riga mai rufe gwiwa, kilomita biyar ta zama abin wasa, na kai goma. Ranar Lahadi nakan bi su tsohuwar mu hau tsaunukan bayan gari da ƙafa, iska na dukan fuska, tumaki sun bazu ko'ina babu makiyayi, ni kuwa ina tuna garken da ke ratsa garin Lambara can wajenmu da kaka. Na koyi dafa ganye, na daina suga ɗungum, barci ya dawo, ido ya washe. Likita ta rage mini magani har sau biyu. Na sayi wani agogo mai ƙirga taku, wanda in ka gama gudu sai ya zana maka duk hanyar da ka bi da jan layi a fuskar waya. Ku da kuka san aikina kun san yadda wannan zai burge ni. Abu guda ne ban yi ba, ban gaya wa kowa a gida ba, har mahaifiyarku. Na san garinmu. In ka ce suga a Bodinga da safe, kafin ta isa Shagari da azahar ta zama ciwon nan da ba a kiran sunansa, a ce ga abin da ya kwaso a wurin matan Turawa. Kuma ni ne wanda dangi ke jingina da shi, ban so a fara dubana ana lissafin kwanana ba.

Shekara biyu da fara gudun na zo hutu da damina, gero ya kai ƙugu. Rigunana duk sun yi mini yawa. Mahaifiyarku ta tarbe ni a ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa, ba ta ce komai ba saboda kuna wurin. Washegari tana kwashe kaya ta ci karo da ƙwayoyin da ɗan abin da nake huda yatsa ina gwada jini. Ta rufo ƙofa ta ajiye su a gabana.

"Malam, wanga maganin mi na?"

Na gaya mata gaskiya, don babu hanyar kaucewa. Ta yi kuka kaɗan, ta yi hamdala da ba abin da ta ji tsoro ba ne, sannan ta ce lallai in gaya wa Yaya Dikko, tunda shi ne uba gare ni, kuma gidansa zan je in zauna mako uku, ba zai yiwu in riƙa ture abincin mutane babu bayani ba. Na ce ta bar ni da ɗan'uwana, na fi ta saninsa. Ta nace. Raina ya ɓaci, har na fara tunanin ko so take labarin ya fita don danginta su san halin da ake ciki. Sai na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta.

"In kika faɗa wa wani mahaluki, ko da wasa, ban yafe ba."

Ta dube ni, ta tattara ƙwayoyin ta mayar cikin jaka.

A ƙauye Inna Kulu ce ta fara tarbata, kun san tsakanin matar wa da ƙanen miji akwai wasa, ita kuwa ta iya shi. Ta riƙe haɓa ta ce Turawa sun kwashe naman sun maido musu ƙashi, ta ce ko matar da na ajiye can ba ta iya tuƙa tuwo ba ne. Aka yi dariya. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure ni da Yaya Dikko, ta kawo fura ƙwarya biyu, tawa da tasa, da nono mai kauri na safiyar nan. Yaya da kansa ya hau mashin ya je Shagari ya sayo suga saboda zuwana, domin ya san yadda nake sonsa tun ina yaro, kuma Kulu ba ta yi rowarsa ba. Na ɗaga ludayi na kai baki, zaƙin ya doki harshena, na mayar na ce a ƙoshe nake. Da dare aka kawo tuwon shinkafa na yi loma biyu na wanke hannu. Washegari haka. Na zo da gyaɗata da ganyen shayina da filas, ina dafa abina a ɗaki. A rana ta uku Kulu ta ajiye fura ba ta tsokane ni ba, ta juya ta fita. Yaya Dikko ya shanye tasa, ya miƙa hannu ya jawo tawa, ya ɗaga ta da hannu biyu ya kafa kai har ya ga ƙasanta, idonsa a kaina. Ya kife ƙwaryar a gabana. Daga ranar nan kullum haka yake yi, safe da yamma.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gane ba. Na gane sarai. Mu biyu muka zauna a gaban Baba yana mana gargaɗin hannun da ya dama, na san abin da ƙin shan furar gidan mutum ke nufi a wajenmu, na kuma san Yaya nuna mini yake yi babu komai a ciki. Kalma ɗaya ta isa ta kashe maganar. Amma kun ji yadda zuciyar mai zargi take aiki, sai na ce a raina, me ya sa yake gaggawar wanke kansa tun ban tuhume shi ba? Wanda babu komai a ransa ai tambayata zai yi.

Gudu kuwa ban fasa ba, don na riga na san in na yi kwana uku ban yi ba sugan zai hau. Ban so in ratsa cikin gari, sai na zaɓi hanyar da ta kewaye gonarmu, ƙasarta da ƙarfi, ba ta riƙe ruwa. Ana idar da asuba sai in ɗaura takalmi in zagaye ta sau uku. Ranar farko wata mata da ta fito da tulu ta hango ni, ta yar da shi ta juya da gudu tana salati, sai da aka bi ta aka ba ta haƙuri. Masu tafiya gona da fartanya a kafaɗa sukan tsaya su tambaye ni ko lafiya, in ce lafiya lau, motsa jini ne. A kowace kusurwa nakan tsaya in duƙa in miƙe jijiyoyin ƙafa, in danna agogo. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda abin yake a idon mai kallo ba, mutumin da kowa ya san sana'arsa awon fili ce, yana kewaya gonar gado da sassafe yana duƙawa a kusurwoyi yana danna na'ura.

Wata yamma muna zaune a majalisa gindin dogon yaro, wani malamin firamare da aka turo garin ya tambaye ni aikin agogon. Son burgewa ya ɗebe ni, na buɗe waya na nuna masa jan layin gudun safiyar. Waya ta bi hannu hannu ana mamaki, har ta isa ga Yaya Dikko. Bai yi boko mai nisa ba, amma shekara arba'in yana taka wannan ƙasa. Ya ga inda layin ya lanƙwasa wajen tsamiya, ya ga inda ya tsuke ta gefen fadama. Ya daɗe yana kallo.

"Wagga ai gonar Baba ta," in ji shi.

Ya miƙo mini wayar da hannu biyu kamar yadda ake miƙa wa baƙo.

A lokacin ni ma ina tara nawa a kansa. Sau uku ina cewa ya zo mu zaga gona tare in ga amfanin bana, sau uku yana kawo dalili. Masallacin da ba shi da nisa ma da mashin yake zuwa. Yana sa safa cikin takalmin roba da tsakar damina, yana fesa turare fiye da yadda na san shi. In muna hira a zaure ba ya daɗewa sai ya tashi ya shiga cikin gida, ya dawo, jim kaɗan ya sake tashi, ni kuwa na ce shawara yake zuwa yi da Kulu a kan abin da zai amsa mini. Buta cike da ruwan sha ba ta rabuwa da gefensa. Ya rame, na ce ramar mai ɓoye abu ce. Na haɗa wannan da wancan na yanke cewa ya ba da ɓangaren fadama jingina bai gaya mini ba, shi ya sa ba ya son mu taka wurin tare. Har na je Shagari ranar kasuwa na yi 'yan tambayoyi a kaikaice, kafin in dawo labari ya riga ni isowa gida. Ku duba fa, ni da na sha ƙishirwar nan, na yi zaryar bayan gidan nan, na rame irin ramar nan, aka jera mini alamomin a gabana ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba sai gona.

Ana saura kwana uku in tafi, ranar Juma'a bayan la'asar, Yaya ya tara liman da wakilin maigari da dattawan dangi a ƙofar gida. Ban san da taron ba sai da aka kira ni. Ya yi magana a zaune, muryarsa ba ta tashi ba.

"Sambo ya zo da awo nai, ya auna. Ba shi cin abincin gidana, ba shi shan ruwan gidana. Ni ban san abin da niy yi mai ba, Allah shi ne shaida. Ku raba muna gonar ga, kowa shi riƙa nashi, mu rabu lahiya tun muna ganin mutuncin juna."

Liman ya juyo gare ni, ya ce rabon gado ba laifi ba ne, amma shi bai ga alamar gona ce ke damun gidan nan ba, in akwai wata magana a cikina in fito da ita, nan duk iyayena ne. Ƙwayoyin suna cikin aljihun rigata, ina jin su da hannuna. Na dubi fuskokin da ke wurin na ƙirga bakin da zai kai labari kasuwa. Na dubi Yaya na ce a raina, so yake a raba da wuri kafin in gano ta'asar fadama. Na cire hannu daga aljihu.

"A raba," na ce.

Washegari aka ja igiya, aka dasa gamba a tsakiyar gonar daga tsamiya har fadama. Yaya ya zo a kan mashin, bai sauka ba har aka gama. Aka tarar ko taki ɗaya bai fita daga gonar ba, babu jingina babu sayarwa. Kuna tsammani na ji kunya? Cewa na yi ya yi sauri ya fanso ta. Da na koma Bodinga mahaifiyarku ta ce na ɗaure mata baki na je na rushe gidan ubana, na ce mata ai mata ba su san sha'anin gado ba.

Na koma Ingila na ƙara ƙaimi. In tunanin gida ya taso sai in ɗaura takalmi, in gudu har ya kwanta. Na shiga tseren kilomita ashirin da ɗaya na gama, aka rataya mini lamba a wuya, tsohuwar benenmu ta ɗauke ni hoto. Ni da Yaya sai gaisuwar Sallah a waya, ita ma a taƙaice. Wata na biyar da komawata, wata Asabar na dawo daga lambu ko takalmi ban cire ba, mahaifiyarku ta kira. Ta ce Yaya Dikko yana asibiti a Sakkwato, an yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Na tambayi ko haɗari ya yi da mashin. Ta ce suga ne, likitoci sun ce ya yi shekaru da shi bai sani ba.

"Na riƙe maka amanarka, Malam," ta ce. "Ga abin da ta haifa."

Na zauna a kan matakala. Likitar nan 'yar Indiya ta faɗo mini a rai, da abin da ta ce in gaya wa 'yan'uwana. Safar nan ta faɗo mini, da turaren, da butar. Sannan ƙafar Baba, wadda muka shekara arba'in muna zargin dangi a kanta.

Na iso bayan kwana huɗu, da rana tsaka. Kulu na gefen gado tana masa fifita, ta amsa sallamata ba ta ɗago ba. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, na zazzage ƙwayoyina da abin gwajin jini a kan zanen gadon, na faɗa masa komai tun daga ranar da layuka suka haɗe a idona. Ya saurara har na gama. Sannan ya ba ni nasa. Kututturen gero ya taka tun kafin ruwan farko, bai ma ji zafi ba don ƙafar ta daɗe da mutuwa, mikin ya ƙi rufewa. Ya ɗauka abin da aka yi wa Baba ne aka yi masa, ya ɓoye don kada maƙiyi ya ji daɗi. Ya ce da Kulu ta ga ina duƙawa a kusurwoyin gona ta kawo masa magana wai binne masa abu nake yi, ya ce mata in ta sake faɗa a bakin aurenta. Ya ɗauki kwalin maganina yana juyawa a hannu, ya yi ɗan murmushi.

"Ni ce nike ka ɗauka kashe ka za ni yi. Shi ya sa nike shanye taka, ka gani da idonka." Ya ajiye kwalin. "Ashe kai ka san abin da hurar ga ka yi ma mutum, Sambo. Kana zaune kana kallona ina sha."

Babu faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan. Na kifa kai a ƙarfen gadon na yi kukan da ban yi ba ranar da Baba ya rasu. Ya dafa kaina ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, shi ma ai da ya cire safar ya nuna mini. Wani likita ya ce mini daga baya furar mako uku ba ita ta kawo ciwon ba, amma da an ga ƙafar a daminar nan da wataƙila yatsa kawai za a cire. Ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai, ni kuwa rabin maganar na biyu kaɗai na riƙe.

Yaya Dikko ya ga ranin shekarar, bai ga damina ba. Na ajiye aikin Ingila na dawo gida. Rabona na gona na ce 'ya'yansa su haɗa su noma, suna nomawa, amma gambar nan ba su tuge ta ba, ni kuma ba ni da bakin da zan ce su tuge. Har yanzu ina fita da safe a hanyar bayan Bodinga, gudun ya koma sassarfa, kuma duk wanda ya tsayar da ni ya ce lafiya, sai in ce masa suga gare ni, in tambaye shi yaushe rabon da a duba nasa. Shi ya sa nake matsa muku da gwaji kowace shekara har kuna cewa Baba ya cika naci. Ku je a duba ku, kuma abin da aka gani ku gaya wa junanku a ranar, kafin ku gaya wa kowa.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka ragu, Kulu ta kawo mini fura a zauren nan, babu suga a ciki, ta riga ta san ba na sha. Ta durƙusa ta ɗebi ludayi ta sha, ta turo mini. Na ce don girman Allah ta bari, na san babu komai a ciki, ban taɓa zarginta ba ko sau ɗaya. Ta goge baki da gefen zane ta miƙe.

"Gara dai ka gani da idonka," ta ce.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, ba ta fasa ba ko sau ɗaya, ni kuma ban sake roƙonta ba. Ina ɗauka in shanye.